Yayana Ne Lamba Tamanin da Bakwai

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau bincikenmu ya cika shekara biyu cif. Babu wanda ya tuna sai ni. Na faɗa wa Likita, ya ɗago kai daga kwamfuta ya ce, "Haka ne fa, Sista," ya mayar da kansa. Ko a jikina. Ni na san abin da na yi.

Mutum ɗari da arba'in muka ɗauka, duk masu ciwon suga waɗanda ƙodarsu ta fara gajiya. Kowa yana ci gaba da magungunansa na kullum, sai mu ƙara masa ƙwaya ɗaya. Rabinsu sabon maganin da ake gwadawa suke sha, rabi kuma ƙwayar fanko, wadda babu komai a cikinta. Kamarsu ɗaya, farare ƙanana, kwalba iri ɗaya. Ban san wa ke shan wacce ba, Likita bai sani ba, su ma masu shan ba su sani ba. Amsar tana cikin ambulan, kowa da nasa, a kulle a kabad ɗin Mai Magani.

A asibitoci goma sha ɗaya ake wannan aiki, kuma mu kaɗai ne ba mu ɓatar da mutum ko ɗaya ba. Wanda ya tashi daga unguwa na bi sawunsa, wanda ya sake lambar waya na nemo ƙanwarsa. Matar da ke zuwa duba takardunmu duk wata uku ta taɓa ɗaga rijistata ta ce a ɗauki hotonta a nuna wa sauran asibitocin. Shekara ashirin da shida ina aikin jinya, ban taɓa kankare rubutu ba.

Lamba tamanin da bakwai bai zo awonsa ba yau. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Matarsa ta ce a waya ƙafafunsa sun ɗan kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Gishiri ne. Na sha faɗa musu.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Gishiri ne, na ce.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana, ɗakin hutun ma'aikata

An kwantar da Yaya. Ɗakin maza na sama, gado na tara. Ni na zaɓar masa gadon, kusa da taga, nesa da ƙofar banɗaki. Na ga takardar awon jininsa. Ba zan kwafi lambobin a nan ba, suna kaina.

Doguwa, abokiyar aikina, ita ke riƙe da fayil ɗinsa tun ranar farko, don ƙa'ida ta hana ni taɓa na ɗan'uwana. Ita ta cike fom ɗin rahoton gaggawa. Na tsaya a bayanta ban ce uffan ba, sai wuri ɗaya da ta rubuta kwanan watan jiya na ɗan yi gyaran murya. Rahoton ya tafi cikin awa shida, alhali awa ashirin da huɗu aka ba mu. Likita ya ce a dakatar da ƙwayar binciken ga Yaya daga yau.

Shi kuwa gogan yana kwance, fuska ta cika, idanu sun ƙanƙance, amma bakin nan yana nan. Shekara talatin yana tuƙa babbar mota, bai taɓa iya zama shiru ba. Ya ce, "Auta, wannan otal ɗin naku ko talabijin babu? Zan kai ƙara wurin manaja."

Na ce, "Yaya, ni ce manajan."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Na gyara masa matashi na fito.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Matar Yaya ta tare ni a baranda, gaban masu jiran ganin likita. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Auta, me kuke ba shi?"

Ita ma Yaya nake ce mata. Na ce, "Yaya, kin san yadda abin yake. An karanta muku takarda, kina zaune."

"Ba takarda na tambaye ki ba. Me ke cikin kwalbar?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba. Wata goma sha tara kina sa shi haɗiyar abin da ba ki sani ba. Duk faɗin garin nan kin rasa zakaran gwajin dafi sai wanda ya goya ki."

Wani tsoho a kan benci ya sunkuyar da kai don kunya. Ni ban sunkuyar ba. Na ce mata ciwon ƙodarsa ya riga binciken da shekara huɗu, kuma ta je ta duba katinsa. Gaskiya na faɗa. Ta dube ni sama da ƙasa ta koma ciki.

Shi ya goya ni, haka ne. Ina shekara tara babanmu ya rasu. Shi ya kai ni makarantar koyon jinya a gaban motarsa, akwatina a kan cinyata, yana ta danna oda yana gaya wa duk wanda muka wuce cewa likita ya ɗauko. Shi ya sa da aka ce ga magani da ake sa ran zai tsare ƙoda, shi na fara tunawa. Wa zan tuna in ba shi ba?

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na wanke labulayen gidan nan duka. Maigidana ya ce, "Ba makon jiya kika wanke su ba?" Na ce sun yi ƙura. Ya ɗauki bokiti ya taya ni shanya, bai ƙara tambaya ba. Shekara ashirin da uku da aure, ya san lokacin da ake yin shiru.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na shiga ofishin Likita na rufe ƙofa. Mutum ne mai sanyin magana, gilashinsa kullum a kan goshi yana nemansa a aljihu.

Na ce, "Likita, a buɗe ambulan ɗin tamanin da bakwai."

Ya ce, "Zauna, Sista."

"A tsaye ma ina ji."

"Yaushe ake buɗewa kafin lokaci? Ke kika koya wa Doguwa."

Na ce, "Idan sanin zai canza maganin da za a yi wa majinyaci."

"To zai canza?"

Ba zai canza ba. An riga an dakatar da ƙwayar. Ko maganin ne, ko fanko ne, abin da ake yi masa a sama shi za a ci gaba da yi. Ya ce ya sanar da kwamitin tsaro mai zaman kansa, waɗanda su kaɗai ke ganin sakamakon dukkan asibitocin a buɗe, kuma in da abin tsoro su za su fara gani. Sannan ya ce, "Ba don jinyarsa kike son sani ba. Don ki samu barci ne. Ni ma da ni ne zan so."

Na ce barcina lafiya lau. Na fito na auna hawan jinin mutum goma sha huɗu, kowanne sau uku, tsakani minti ɗaya, yadda aka tsara.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe huɗu da kwata

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake komawa kansa ba.

Na je ɗakin Mai Magani karɓo kwalaben gobe. Ana cikin haka aka kira shi waje ya sa hannu a kan kaya. Ya ce, "Sista, riƙe mini ɗakin minti biyar." Ya fita. Makullin kabad yana jiki, yana lilo.

Na san yadda ambulan ɗin suke a jere a ciki, ni na taya shi jera su shekara biyu da suka wuce. Layi na uku, wajen tsakiya. Takarda ce ƙarama, kalma ɗaya. Akwai tukunyar dafa shayi a kusurwa, tururi kaɗan ya isa ya saki gam. Babu wanda zai taɓa sani. Na tsaya ina jin ƙarar firij. Na tuna fuskar matar Yaya. Na tuna mutum ɗari da talatin da tara da na kalli idonsu na ce musu babu wanda zai leƙa, ko ni. Idan na leƙa ɗaya, rijistar nan da ake ɗaukar hotonta ta zama takardar ƙunshe ƙusa.

Na kai hannu. Ƙarfen makullin da sanyi. Na murɗa, na tabbatar a kulle yake, na zare shi.

Da ya dawo na miƙa masa na ce, "Kada ka ƙara barinsa a jiki."

Ya karɓa ya ce, "Ai ke ce. Na san ba za ki buɗe ba."

Na ce, "Ni ban sani ba."

Ya daɗe yana kallona. Ya sa makullin a aljihun ƙirji ya ɓalla maɓalli.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An fara yi wa Yaya wankin ƙoda. Awa uku. An sa masa bututu a wuya, jininsa yana fita ya zaga cikin na'ura ya dawo. Ya kalli na'urar ya ce wa ma'aikacin ɗakin, "Malam, wannan injin naka yaushe aka yi masa juyen mai? Ina jin wata ƙara." Duk ɗakin aka yi dariya, har matarsa, sai da ta gan ni a bakin ƙofa ta daina.

Na yi shekaru ina raka mutane ɗakin nan. Na san hanyar kamar tafin hannuna. Yau na ɓata, na tsinci kaina a wajen masu ɗaukar hoton ƙashi.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Farin kayana a goge, takalmi a goge. Duk wanda ya zo ganin na rame zai koma da kunya.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kwamitin ɗa'a na asibiti ya kira ni. Wani ya rubuta musu cewa ma'aikaciyar bincike ta cusa ɗan'uwanta a ciki a ɓoye. Ban tambayi wane ne ba. Mutum uku a bayan dogon tebur, ruwan gora a gaban kowa, ni babu.

Na bari shugabar ta gama karanta zargin. Sannan na buɗe jakata na ajiye musu wasiƙar da na rubuto wa wannan kwamitin da kansa wata goma sha tara da suka wuce, ina sanar da su cewa yayana yana son shiga, ina neman a ba wata fayil ɗinsa. Ga hatiminsu a kai, ga sa hannun ita shugabar. Ta cire gilashi, ta mayar. Na ce in nasu kwafin ya ɓata, suna iya riƙe wannan, ina da wasu biyu a gida.

Na so a ce Doguwa tana wurin ta ga fuskokinsu.

Har na miƙe, sai na ƙarshensu, wani dattijo da bai yi magana ba tun da aka fara, ya ce, "Sista, tambaya ɗaya. Kin matsa masa?"

Na ce, "A'a."

Suka sallame ni, babu laifi.

Sau uku na je gidan Yaya kafin ya shiga binciken. Na farko ya ce shi ba ya son yawan zuwa asibiti. Na biyu ya ce zai yi tunani. Na uku na ce, "Yaya, in ba ka yarda da aikina ba ka faɗa mini." Washegari ya zo da katinsa. Wannan ba matsi ba ne. Lallashi ne.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Lallashi ne.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Saƙo ya zo daga cibiyar da ke jagorantar binciken, layi huɗu. Kwamitin tsaro ya ba da shawarar a tsayar da aikin a dukkan asibitoci. A kira kowa ya zo da kwalbarsa. Cikakken bayani sai taron Alhamis ta sama. Ba su faɗi dalili ba.

Likita ya karanta sau biyu. Doguwa ta dafa tebur ta ce, "Innalillahi." Ba ta kalle ni ba, kuma rashin kallon ya fi kallo.

Kafin la'asar labari ya zaga asibiti. A wurin sayen abinci na ji wata mai shara tana gaya wa wata cewa maganin nan na su Sista ya kashe mutum ashirin a wani gari. Na juya na ce, "Sannu da aiki. Wane gari?" Ta kama tsintsiyarta.

Na raba jerin sunaye biyu, Doguwa saba'in, ni saba'in ba ɗaya. Na fara kira. Murya ɗaya na yi wa kowa.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sun zo. Benci ya cika, wasu a tsaye har bakin matakala. Wani mai gyaran babur ya dangwarar da kwalbarsa a kan teburina har ƙwayoyi suka watse, ya ce daga yau ko ruwa na ba shi ba zai sha ba. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga, na rubuta, na ce ya miƙo hannu a auna jini. Ya miƙo.

Tsohuwa mai lamba goma sha ɗaya, mai sayar da sabulu, wadda ba ta taɓa zuwa ba tare da ta kawo mini guntu ɗaya ba, ta jira kowa ya ragu. Ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, tsakaninki da Allah, guba muka sha?"

Na ce, "Iya, ban sani ba. Ranar da na sani, ke zan fara kira."

Ta ce, "An ce har da yayanki."

"Har da shi."

"To shi ke nan. Wadda ta sa nata ba za ta cuci na wasu ba." Ta ajiye sabulunta ta tafi.

Mutum sittin da biyu yau. Duk awonsu yana cikin rijista kafin na tashi. A nuna mini asibitin da ya yi haka.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai abinci sama, dafaffe babu gishiri, yadda aka ce. 'Yan'uwa sun cika gefen gadon, ƙanen babanmu ma ya zo daga nesa. Ina shiga hira ta mutu. Matar Yaya ta karɓi kular ta ajiye a ƙasan gado, ba ta buɗe ba. Baffa ya ce, "Ke da muke taƙama da ke." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Yaya yana barci, ko yana yin kamar yana barci. Ya rame a wuya, hannunsa da ke juya sitiyarin babbar mota yanzu agogo yana yawo a kai. Na duba ruwan da aka rubuta ya sha, na ga an wuce da kofi ɗaya, na gaya wa nas ɗin ɗakin. Aikina ke nan, ko suna so ko ba sa so.

A mota maigidana ya ce, "Ki yi kukan mana, babu kowa." Na ce ya kula da hanya.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ɗari da talatin da tara sun zo, na ɗari da arba'in yana gado na tara. Babu wanda ya ɓata.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe uku na rana

An yi taron. Mu huɗu a ofishin Likita, fuskokin mutanen sauran asibitoci a kan allon kwamfuta, muryar shugaban kwamitin tsaro tana yankewa tana dawowa.

Maganin yana aiki. Shi ya sa aka tsayar. Ya ce bambancin ya fito fili har ba daidai ba ne a ci gaba da ba rabin mutane fanko alhali ga abin da zai taimake su. A duk mutum goma da ƙodarsu ta gaza cikin masu shan fanko, shida ne kacal suka gaza cikin masu shan maganin. Za a ba kowa na gaskiyar daga wata mai zuwa. Da ya zo godiya ya ambaci asibitinmu daban, ya ce bayananmu ne suka fi na kowa cika.

Doguwa ta rungume ni har hulata ta faɗi. Mai Magani yana ta tafi shi kaɗai. Likita ya nemi gilashinsa a aljihu, na nuna masa goshinsa, ya ce, "Sista, aikinki ne wannan." A gaban kowa ya faɗa. Shekara biyu ina jiran jimlar nan, kuma ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Ta yi daɗi ƙwarai.

Na fita baranda na kira mai sabulu. Ta ce, "Ban gaya miki ba?"

Sai da na kashe wayar lissafin ya zo mini. In maganin ba ya cutarwa, to ba ni na kwantar da Yaya ba. In kuma yana tsare ƙoda, shi kuma tasa ta gaza, to ko dai yana cikin shidan nan, ko kuma fanko ya yi ta sha.

Na koma na tambayi Likita ko wanda ya riga ya fara wanki zai amfana. Ya ce a hankali, "Ba a gwada a kansu ba, Sista. Ba za a ba shi ba."

Gobe za a buɗe ambulan.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe

Mai Magani yana yagewa, Likita yana karantawa, ni ina rubutawa. Ɗaya, magani. Biyu, fanko. Goma sha ɗaya, magani. Na yi murmushi. Mai gyaran babur ma magani, zan ga da wane ido zai kalle ni.

Da muka kai tamanin da shida na rubuta, na tura wa Doguwa rijistar da biro, don har yanzu fayil ɗinta ne. Likita ya buɗe takardar. Bai karanta da ƙarfi ba, ya juya ta ya nuna wa Doguwa. Na ce, "Likita, yadda aka yi wa kowa."

Ya ce, "Fanko."

Doguwa ta rubuta. Na jawo rijistar na ce, "Tamanin da takwas." Duk wanda ya duba shafin nan zai ga rubutuna na sama da na ƙasa iri ɗaya ne.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na samu matar Yaya a kan bencin ƙofar ɗakin wanki, tana jiran a gama masa. Na tsaya a gabanta na faɗa mata duka, ban rage ba.

Ta ce, "Wato ba maganinku ne ya kayar da shi ba."

"Ba shi ba ne. Bai taɓa shansa ba."

"Da ya sha na gaskiyar fa?"

Na ce, "Wataƙila da ba mu zo nan ba. Wataƙila kuma da mun zo. Wasu sun sha kuma sun zo. Ban sani ba, Yaya."

Ta ce, "Ke kullum ba ki sani ba." Amma muryar ba irin ta ranar nan ba ce. Ta ɗauke jakarta daga kan benci ta ɗora a cinya. Na zauna. Can ta ce, "Abincin nan na ranar Lahadi ya cinye shi tas bayan kin tafi. Ya ce in gaya miki babu daɗi."

Da na shiga, saura masa rabin awa. Na ja kujera kusa da na'urar.

Ya ce, "Manaja. An ce kun ci nasara."

Na ce, "Mun ci, Yaya. Amma kai fanko aka ba ka."

Ya dube ni. Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har na'urar ta fara ƙara, ma'aikacin ya taso da gudu ya ce ya daina motsi. Ya ce, "Wata goma sha tara ina haɗiyar alli! Ni da nake gaya wa abokaina ƙwayar Auta ta mayar da ni saurayi!"

Dariyar ta lafa. Ya kalli bututun da jininsa ke bi.

"Wa ya zaɓa?"

"Kwamfuta. Kamar ƙuri'a."

"Ba ke ba."

"Ba ni ba. Da ni ce..."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. "Na sani. To gaya mini, ta yaya aka gane yana aiki?"

Na ce an kwatanta masu sha da marasa sha, aka ga bambanci.

"Wato ba don mu ba, da ba a gane ba."

"Da ba a gane ba."

Ya gyara kwanciya, ya ɗan ɗaga haɓa, yadda yake yi in ya shigar da doguwar mota lungu da baya mutane suna kallo. Ya ce, "Mutum nawa zai hana zuwa ɗakin nan?"

Na ce da yawa. Fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

"To ba a banza ba." Sannan ya ce, "Auta, zuwa uku kika yi gidana, ina sane. Ba don kin matsa na zo ba. Tun zuwan farko na yanke shawara, so nake in ga iya nacinki." Ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Ban tambaya ba.

Ya ce, "Ki gaya wa Likitanku, in zai rubuta takardarsa ta duniya, ya sa cewa tamanin da bakwai bai tsallake ko rana ɗaya ba. Ko ranar da aka yi mini tiyatar ido sai da na sha."

Na ce ba a sa labarin mutum ɗaya a irin wannan takarda, jimla ake sawa.

Ya ce, "To ke ki rubuta a wani wuri."

Na sauko ofis. Yanzu an buɗe komai, babu ƙa'idar da ta hana ni. Na ɗauko fayil ɗinsa a karo na farko, na bi ƙirgen ƙwayoyin da Doguwa ta yi wata bayan wata. A nan ne abin da maigidana ya ce in yi a mota ya zo, ni kaɗai, ƙofa a rufe. Na matsar da fayil ɗin gefe don kada ya jiƙe.

Ga shi na rubuta, Yaya. Kwana ɗari biyar da saba'in da takwas. Ba ka tsallake ko ɗaya ba.